Muhawara: Yadda ake tsaftace bangon banɗaki na katako ba tare da an lalata shi ba

Uwargida, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar katako da gini. Gidan da muka saya a nan Jos, wanda ya gina shi ya sa an lulluɓe bangon banɗakin babban ɗaki da falankan katako tun daga ƙasa har kusa da silin, gefen da ake tsayawa wanka kaɗai aka yi wa tayil. Aikin ya yi kyau, kuma lokacin hunturu banɗakin ba ya ɗaukar sanyi kamar mai tayil zalla. Sai dai tun da damina ta kankama na fara ganin baƙaƙen ɗigo a tsagin da ke tsakanin falanki da falanki, ga wani farin dabbare a daidai inda ruwan sabulu ke fantsama, sannan ƙasan katakon ya fi samansa duhu. Yarinyar da ke taya ni aiki ta saba wanke banɗaki yadda kowa ya sani, wato a watsa ruwa da omo, a bi da tsintsiya, a ɗauraye, amma na dakatar da ita har sai na ji ta bakinku. Da me ya kamata a riƙa wanke shi, kuma me zai fitar da wannan baƙin?

Kafinta, Laranto:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi daidai da kika dakatar da wankin tsintsiya. Kafin a ba ki magani sai an san abu biyu. Na farko shi ne irin katakon, domin a Kasuwar Katako muna sayar da iroko da maɗaci da afara da obeche da malaina, kuma ba ɗaya suke ba wajen jure ruwa. Iroko yana da nauyi da ƙarfi, launinsa yana ƙara duhu idan ya kwana biyu, kuma yana daɗewa a wurin laima bai ruɓe ba. Obeche kuwa fari ne, mara nauyi, mai laushi, funfuna da ƙwari suna saurin kama shi. Ki nemi wani lungu da ido ba ya kaiwa ki danna farcenki da ƙarfi. Idan ya lotsa cikin sauƙi, to katakon mai laushi ne kuma sai an ƙara kula da shi.

Na biyu shi ne lafiyar banish ɗin da aka shafa masa. Ki yayyafa ruwa kaɗan a sama, da tsakiya, da can ƙasa, ki tsaya ki duba. Inda ruwan ya dunƙule ya gangara, banish yana nan da ransa. Inda katakon ya yi duhu bayan 'yan mintoci, to ya tsotsi ruwan ke nan, kuma a wannan wurin babu sabulun da zai amfane ki, gyara yake buƙata. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, a bangon katako mai lafiya banish ake wankewa, ruwa bai kamata ya taɓa katakon kansa ba ko kaɗan.

Baba mai ritaya, Dogon Dutse:
Ni dai 'yata, shawarata ita ce ki kira masu aiki su ɓamɓare katakon nan su sa miki tayil ki huta. Katako da ruwa ba sa ga-maciji da juna, kuma wanda ya ƙawata banɗaki da shi ya yi ne don ido, bai yi tunanin wadda za ta riƙa wanke wurin kullum ba. Mu da muke wanka da bokiti, muke alwala da buta, ga yara suna shiga suna fita, ina za mu iya da bangon da ake lallaɓawa?

Injiniyan gini, Rayfield:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar wahalar kula, amma ina ganin bai kai a ce a ɓamɓare ba tun ba a duba ba. Da katako ake sassaƙa kwalekwale, kuma a ƙasar Finland ɗakunan tururi da suke wanka a ciki duk da katako ake lulluɓe su, suna kuma yin shekaru masu yawa. Jiƙewa na ɗan lokaci ba ta kashe katako, abin da ke kashe shi shi ne ya jiƙe ya kasa bushewa. Masana katako suna ɗaukar cewa muddin laimar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa samun wurin zama. Ita kuwa funfunar da ke fitowa a fuskar bango, iska mai laima take so, shi ya sa ake ba da shawarar laimar iskar cikin ɗaki ta kasance ƙasa da kashi 60 cikin 100, kuma duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48.

Yanayin Jos yana da nasa hannu a wannan matsala. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ana ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, kuma a Yuli da Agusta sai a wuni ba a ga rana sosai ba. Saboda sanyi kusan kowa da ruwan zafi yake wanka, ya rufe taga, ya rufe ƙofa. Tururin nan idan ya bugi bango mai sanyi sai ya koma ruwa, ya kwanta a tsagin falankai, kafin ya bushe wani ya sake shiga wanka. Don haka, Hajiya, ina so ki gaya mana girman tagar banɗakin, da ko ana buɗe ta, da ko akwai fanka mai zuƙe iska zuwa waje. Idan ba a gyara wannan ɓangaren ba, za ki goge baƙin yau ya dawo kafin wata ya zagayo.

Malamar kimiyya, Farin Gada:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara da cewa dattin da ke kama irin wannan bango iri uku ne, wato farin dabbare, da baƙin funfuna, da baƙin da ba funfuna ba, kowanne da sanadinsa, saboda haka ba za a yi musu magani ɗaya ba.

Farin dabbaren nan ragowar sabulu ne. Sabulun wanka idan ya haɗu da sinadaran kalsiyam da magniziyam da ke cikin ruwa sai ya zama wani abu mai maiƙo da ba ya narkewa, ya manne a bango. Yawansa ya danganta da irin ruwan gidan, shi ya sa wasu masu rijiyar burtsatse suka fi fama da shi. Abu mai ɗan tsami ne ke narkar da shi, kuma ruwan khal fari na girki, wanda tsaminsa yake kimanin kashi 5 cikin 100, ya wadatar. A haɗa shi da ruwa rabi da rabi, a tsoma tsumma a matse, a goge wurin, a sake bi da tsumma mai ruwa zalla, sannan a tsane da busasshe. Kada a bar shi ya jima a kan banish domin yana dusashe ƙyallinsa, kuma a kiyaye kada ya riƙa zuba a kan dutsen mabul ko simintin da ke tsakanin tayil, domin yana cin su.

Wankin yau da kullum kuwa bai wuce ruwan ɗumi a ƙaramar roba da ɗigo kaɗan na sabulun wanke-wanke na ruwa ba. Tsohuwar singileti ta auduga ta fi duk wani soso. A matse ta har sai ta daina ɗiga, a riƙa gogawa ana bin tsawon falanki, a fara daga sama a sauko, a gama da yanki ɗaya a tsane shi kafin a matsa gaba. Sau ɗaya a mako ya isa. Abin da ya fi wankin muhimmanci shi ne wanda ya yi wanka na ƙarshe ya ɗauki busasshen tsumma ya tsane inda ruwa ya fantsama, aikin da bai wuce minti biyu ba.

Abubuwan da za a nisantar da su daga bangon su ne omo, da kanwa, da toka, da soson ƙarfe, da garin goge tukunya. Omo da kanwa da toka suna da kaifin da ke cin banish da man katako, kuma idan suka ratsa suka kai ga katakon suna iya sauya masa launi. Soson ƙarfe kuma yana barin ƙananan karce waɗanda ido ba ya gani, a cikinsu ne datti da laima za su riƙa maƙalewa.

Maman yara, Anguwan Rogo:
Malama, duk wannan lallaɓawar ta mene ne alhali akwai bilic, ruwan nan da ake sa wa fararen tufafi su yi haske? Ni duk inda na ga baƙin funfuna a banɗakina bilic nake zubawa, kafin in juya ya yi fari tas. Wani lokacin ma ina haɗa shi da ruwan wanke masai don ya ƙara ƙarfi.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Yaya, don girman Allah ki daina wannan haɗin daga yau. Yawancin ruwan wanke masai suna ɗauke da asid, kuma bilic idan ya haɗu da asid yana fitar da iskar kilorin, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Haka abin yake idan aka haɗa bilic da ruwan khal ko lemun tsami. Idan kuma ya haɗu da abin da ke ɗauke da amoniya, wata iskar mai guba ce ke tashi. A ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga, wannan yana iya kai mutum asibiti. Tun da a wannan zauren an ambaci khal an kuma ambaci bilic, ina roƙon kada wata ta karanta rabi ta je ta haɗa su, ko ta shafa ɗaya a kan ɗaya ba tare da ta ɗauraye ba.

Game da funfunar kanta, kada a kankare ta a bushe, domin ƙurarta tana tashi a shaƙa, kuma tana tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. A buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa wurin tukuna, kuma mai asma ko mai juna biyu ta bar wa wani aikin.

Malamar kimiyya, Farin Gada:
Na gode Sista, wannan gargaɗi ya zo a kan gaɓa. Maman yara, banɗakinki na tayil ne, shi ya sa bilic yake miki aiki, domin tayil ba ya tsotsar komai kuma funfunar a fuskarsa take zaune. Katako yana da ƙofofi, funfuna tana tura saiwoyinta ciki. Bilic zai kashe launin baƙin a sama har a ɗauka an gama, amma mafi yawan abin da ke cikin gorar ruwa ne, kuma ruwan shi ne ke shiga cikin katakon. Bayan haka yana kodar da launi ya bar wuri dabbare-dabbare, yana kuma raunana fuskar katakon har ta yi gashi-gashi.

Ga baƙaƙen ɗigon da ke cikin tsagi, a fara da ruwan sabulun nan da tsohon buroshin haƙori mai laushi, domin idan funfunar a kan banish take wannan kaɗai zai ɗauke ta. Idan ta ƙi, a shafa khal ba tare da an sirka ba a cikin tsagin kawai, a bar shi kamar awa ɗaya, a goge, a tsane, a kunna fanka ta fuskanci wurin. Ko da me za a yi amfani, a fara gwadawa a bayan ƙofa ko wani lungu.

Nau'i na uku shi ne baƙin da ba funfuna ba ne. Idan Hajiya ta ga baƙin ya kewaye kan ƙusa, ko ya zubo daga ƙusa ya yi layi zuwa ƙasa, to ƙarfe ne ya haɗu da ruwa da wani sinadari mai bauri da ke cikin katako, irin wanda ke cikin bagaruwar jima. Wannan ko an shekara ana gogewa da sabulu ba zai fita ba, aikin kafinta ne.

Malamin islamiyya, Gangare:
Akwai wata fuska da ban ga an taɓo ba, kuma ita ce ta fi damuna da irin wannan bango. Banɗaki wuri ne da najasa ke iya fantsama, musamman a gefen masai inda yara maza ke fitsari. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwa mai tsarki ne ke gusar da najasa, khal ko turare ba sa tsayawa a madadinsa. To idan ana cewa kada a zuba ruwa a bango, yaya za a yi da tsarki?

Injiniyan gini, Rayfield:
Allah ya gafarta Malam, tambayar tana da muhimmanci, kuma ba a ce ruwa haramun ne ga bangon ba. Katakon da banish ɗinsa ke da lafiya fuskarsa a rufe take, ba ta shan komai, don haka ana iya zuba ruwa da buta a daidai wurin da najasar ta taɓa har ta gushe, sannan a tsane nan take. Abin da muke hanawa shi ne a malale bango gaba ɗaya da bokiti a tafi a bar shi yana ɗiga. Inda zan ba Baba gaskiya shi ne gefen masai da wurin alwala: a ra'ayina waɗannan wurare tayil ya kamata a sa musu har zuwa kimanin tsayin ƙugu, a bar katako daga nan zuwa sama. Idan katakon gefen masai ya riga ya rasa banish ya tsotsi fitsari, wari ba zai bar shi ba, gara a cire wannan falankin. Hukuncin tsarkin abin da najasa ta ratsa cikinsa kuwa ku ne masanansa.

Uwargida, Rikkos:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin da Malam kafinta ya ce. Farce bai lotsa katakon ba, yana da tauri, launinsa ruwan ƙasa mai duhu. Daga sama har zuwa gwiwa ruwa yana dunƙulewa ya gangara, amma kamar taƙi ɗaya daga ƙasa yana shan ruwa ya yi duhu, kuma falankan sun sauka har sun taɓa daɓen, babu komai tsakaninsu. Na kuma lura wasu baƙaƙen suna kewaye da kan ƙusa kamar yadda Malama ta kwatanta. Taga ƙarama ce mai luba, kuma gaskiya a rufe take kusan kullum saboda sanyi da sauro. Babu fanka mai zuƙe iska. Tawul-tawul ma a kan wani ƙarfe da ke manne da bangon muke rataye su.

Kafinta, Laranto:
To Hajiya, yanzu magana ta fito fili. Daga bayaninki katakon mai ƙarfi ne, mai yiwuwa iroko ko maɗaci, kuma mafi yawan bangon lafiyarsa ƙalau, wankin da Malama ta koya miki ya ishe shi. Ciwon yana ƙasa. Bakin falanki, wato inda zarto ya yanke shi, ya fi gefensa saurin shan ruwa nesa ba kusa ba, domin ta nan ne hanyoyin da itace ke jan ruwa tun yana raye suke buɗe. Duk ranar da aka wanke daɓe ruwa ya kwanta, falankan nan suna tsotsarsa zuwa sama, banish ya ɗago daga ciki ya fashe. Wannan kuskuren wanda ya yi aikin ne tun farko.

Ki sa a ɗauki sukundireba a danna ƙasan kowane falanki. Wanda ya nutse ko ya marmashe ya ruɓe, sai canji. Wanda ya tsaya da ƙarfi ana iya ceto shi. Gyaran da zan ba da shawara shi ne a yanke ƙasan falankan gaba ɗaya a layi ɗaya, a sa jeren tayil a wurin, a shafe bakin yankan da banish sosai har ya ƙoshi, sannan a bi mahaɗar da silikon irin na banɗaki mai maganin funfuna. Idan an yanke, a leƙa baya da tocila. Aiki mai kyau ana kafa katakon tu-bai-tu a jikin bango sannan a buga falankai a kansa, yadda iska za ta riƙa wucewa ta baya. Idan aka tarar an manna falankan kai tsaye a jikin siminti, ko bangon yana jiƙe saboda bututu na yoyo, ko aka ga hanyar gara, to maganar ta wuce wanki, kuma a nan zan koma bayan Baba.

Baƙin ƙusa kuwa, ana goge banish ɗin wurin da sanfefa, a shafa asid ɗin da masu fenti ke kira okzalik wanda ke cire tabon ƙarfe, a ɗauraye, a bari ya bushe. Guba ne, sai da safar hannu da kariyar ido, kuma ba aikin yarinyar gida ba ne. Bayan haka a cire ƙusoshin a sa sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na tagulla, in ba haka ba baƙin zai dawo.

Amma kada ki yi wannan aikin yanzu. Banish da aka shafa a kan katako mai laima yana yin fari-fari kamar hazo ya kuma ɓare da wuri. Ki jira ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta busar da shi, wajen Disamba ko Janairu, sannan a goge da sanfefa ana bin tsawon katakon, a share ƙurar, a shafa banish mai jure ruwa hannu uku, ana barin kowane hannu ya bushe a ɗan goge shi kafin a ƙara na gaba. A rufe taga lokacin shafawar saboda ƙurar hunturu, amma mai aikin ya riƙa fita shan iska, kuma a buɗe da zarar fuskar ta daina danƙo. Idan iroko ne, mai gogewa ya sa takunkumi domin ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, kuma a share fuskar katakon da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, kafin hannun farko, saboda yana da wani sinadari da ke hana banish bushewa da wuri.

Ɗan kasuwa, Bukuru:
Malam kafinta, me zai hana a shafa masa baƙin mai kawai? Mu da shi muke shafe katakon rufi, gara ba ta zuwa, ruwa ba ya kama shi, kuma kusan kyauta ake samunsa a wurin makanikai.

Kafinta, Laranto:
Alhaji, katakon rufi yana can sama babu mai taɓa shi. Baƙin mai ba ya bushewa, zai riƙa ɓata tawul da tufafi, warinsa zai cika ɗaki duk lokacin da aka yi wanka da ruwan zafi, yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa ga fata, kuma bayan an shafa shi babu banish ɗin da zai sake kama katakon. Haka ma man gyaɗa ko man ja da wasu ke shafawa don ƙyalli, suna yin ɗoyi su kama ƙura, funfuna kuma ta samu abinci.

Injiniyan gini, Rayfield:
A kan baƙin mai babu jayayya. Inda na ɗan saɓa da Malam kafinta shi ne banish. Banish fata ce a kan katako, kuma katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, a Jos kuwa tazarar da ke tsakanin laimar Agusta da bushewar Janairu babba ce. Wannan motsi yana tsaga fatar a mahaɗai, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, kuma gyaransa sai an kankare yanki guda. Man katako na musamman, irin wanda ake shafa wa kujerun waje na katakon tik, yana shiga cikin katakon ne, ba ya ɓarewa, kuma idan wuri ya kode sai a wanke shi a ƙara shafawa a nan kaɗai. Aibinsa shi ne yana son a riƙa sabunta shi a kai a kai, kuma bai kai banish tare ruwa ba. Duk wanda zai yi amfani da shi ya sani cewa tsumman da aka jiƙa da irin wannan mai, idan aka dunƙule shi aka jefar, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, don haka a shanya shi a buɗe a waje ko a nutsar da shi cikin ruwa.

Ta fuskar iska, Hajiya, ki sa a buga raga a tagar domin a daina rufe ta saboda sauro. A rufe lokacin wanka idan ana jin sanyi, a buɗe da zarar an fito. A sa fanka mai zuƙe iska a bangon da ke kallon waje, kada a sa wadda za ta tura tururin cikin silin, a bar ta tana aiki kamar minti 20 bayan wanka. Ranar da babu wuta taga ce za ta yi aikin. Tawul mai laima kuma a fitar da shi igiya, domin wanda aka rataye a jikin katako yana riƙe laima a wurin tsawon yini, kuma idan kika ɗaga shi kika duba za ki ga bayansa ya fi ko'ina dusashewa.

Kafinta, Laranto:
Injiniya, maganarka daidai ce ga sabon katako da ba a taɓa shafa masa komai ba. Bangon Hajiya ya riga ya sha banish, mai ba zai shiga ba sai an kankare bangon kaf har an kai ga farin katako, kuɗin wannan aikin kuwa ya kusa na tayil. Sannan Malam ya kawo maganar zuba ruwa don tsarki, kuma a nan banish ya fi mai. Gidan da ke da yara da baƙi, ban ga wanda zai tuna da sabunta mai a kan lokaci ba.

Mai kula da gidajen haya, Gwarimpa:
Ina bin muhawarar daga Abuja, kuma ina so in ja hankalin masu karatu cewa yawancin abin da ake gani a sababbin gidaje a nan kamar katako, ba katako ba ne. Wani roba ne da aka yi wa zanen katako, wani kuma garin katako ne da aka matse aka lulluɓe da leda mai zane. Na roba ba ya jin ruwa, ruwan sabulu da tsumma sun ishe shi, sai dai a guji tina da soson ƙarfe, kuma funfuna tana iya taruwa a bayansa idan bangon yana da laima. Na garin katako kuwa shi ne mafi haɗari a banɗaki, domin da zarar ruwa ya shiga ta gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa ko ya bushe, ba a kuma goge shi da sanfefa. Duk mai sayen kaya a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya nemi a nuna masa bakin yankan kafin ya biya.

Tambayata ga Malam kafinta ita ce, a wani gida da nake kula da shi mai katako na gaske, da hunturu sai tsagin da ke tsakanin falankai ya buɗe har ƙura ta riƙa cika shi. Masu haya suna so a cike tsagin da abin cike rami na kafintoci domin shara ta yi sauƙi. Ya halatta?

Kafinta, Laranto:
Kada ka yarda a cike shi, ranka ya daɗe. Tsagin nan da ka gani da hunturu shi ne wurin da katakon zai kumbura ya cike da kansa idan damina ta dawo. Idan aka cusa masa abu mai tauri, falankan za su rasa wurin motsi, ko su tunkuɗo abin ya zube, ko su bankare su ɗago daga bango. Ƙurar kuma a fitar da ita a bushe da buroshin fenti mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, kafin a kawo tsumma mai laima kusa, domin idan aka fara da ruwa ƙurar tana zama taɓo ta shige cikin tsagin ta daskare. Inda ake sa silikon shi ne mahaɗar katako da tayil, da kewayen bututu, da gefen abin wanke hannu, shi ma idan ya yi baƙi ba a wanke shi, ana yanke shi da reza a sa sabo bayan wurin ya bushe.

Baba mai ritaya, Dogon Dutse:
Na karanta duka, kuma na ga kowa ya dawo kan cewa a sa tayil a ƙasa, a sa tayil a gefen masai, a sa tayil a wurin alwala. Saura kaɗan ku iso inda na tsaya tun farko. Amma tun da kafinta ya ce a jira hunturu, 'yata ki sa a duba bayan falankan idan an yanke, ki kuma tambayi kuɗin gyaran da kuɗin tayil a rana ɗaya kafin ki ba kowa kuɗin kafin alƙalami.